Jimlar "idan… to…": inda ɗalibai ke zamewa a tambayoyin manɗiƙi

Masu shirya jarrabawa irin LSAT, wadda masu neman karatun lauya a Amurka da Kanada ke rubutawa, sun san inda ƙafar ɗalibi ke zamewa a tambayoyin manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja bisa ƙa'ida, a nan kuwa suke ɗana tarko.

Ɗauki wannan jimlar: idan lamba ta rabu da 4 (wato 4 ta raba ta ba saura), to ta rabu da 2. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juya ta a ce duk lambar da ta rabu da 2 ta rabu da 4. Lamba 6 kaɗai ta isa ta rushe wannan. Ƙaninsa shi ne a kore ɓangarorin biyu a bar su inda suke: idan ba ta rabu da 4 ba, ba ta rabu da 2 ba. Nan ma 6 ce za ta ƙaryata ka. Sauyi ɗaya tak ya halatta, wato ka juya kuma ka kore a lokaci guda: idan ba ta rabu da 2 ba, ba ta rabu da 4 ba. Ka riƙa rubuta wannan a gefen takarda tun kafin ka leƙa amsoshi.

Wanda ya fi ba ni takaici, don har masu ƙoƙari yana kayarwa, shi ne "sai". In an ce ba mai shiga ɗakin jarrabawa sai da katin shaida, ba a ce duk mai kati zai shiga ba. Yana iya makara a rufe ƙofa. Katin dole ne, amma bai wadatar ba. Ga yadda za ka rubuta ta: idan ya shiga, to yana da kati.

Wajen korewa kuma gaggawa ce ke cin mutane. Korewar "duk sun ci jarrabawa" ba "babu wanda ya ci" ba ce, "aƙalla ɗaya bai ci ba" ce.

Akwai kuma ƙa'idar Augustus De Morgan, masanin lissafi ɗan Birtaniya da ya rasu a 1871: korewa tana mayar da "da" ta koma "ko", "ko" kuma ta koma "da". In ƙarya ne cewa ɗalibi ya ci lissafi da Turanci, to ya faɗi lissafi ko Turanci, wataƙila ma duka biyun.

Ita kanta jimlar sharaɗi, wato "idan… to…", ba a kore ta da wani "idan". Ka nuna sharaɗin ya cika amma sakamakon bai biyo ba, shi ke nan ta faɗi.