Yadda ake neman magani a Najeriya ba tare da kuɗin jinya ya durƙusar da gida ba

Yawancin 'yan Najeriya daga aljihunsu suke biyan kuɗin jinya, saboda haka sanin asibitin da ya dace a fara zuwa yana rage asara ƙwarai. Asibitocin gwamnati hawa uku ne: cibiyoyin lafiya matakin farko da ke unguwanni da ƙauyuka, sai manyan asibitocin jiha irin su Asibitin Murtala na Kano, sannan asibitocin koyarwa na tarayya kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Zazzaɓi, gudawar yara, awon ciki da auna hawan jini duk aikin matakin farko ne, inda kati yake da araha kuma babu kuɗin mota mai yawa. Idan ciwon ya fi ƙarfinsu, a nemi takardar turawa zuwa gaba. Amma jijjiga, zubar jini ga mai ciki, naƙudar da ta daɗe, ko numfashi sama-sama, waɗannan ba sa jira, sai a wuce babban asibiti nan take.

Kyamis shi ne inda kuɗin talaka ya fi zurarewa. Mutum ya ji jikinsa da zafi, sai ya ce a haɗa masa magani, a zuba masa ƙwayoyi kala-kala a ƙullin leda babu suna babu kwali, bayan kwana uku ya dawo a sake haɗa wani. Abin da ya kamata shi ne a fara yin gwajin maleriya, wanda ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya ishe shi kuma sakamakonsa kan fito cikin kamar minti 15, domin ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Idan likita ya rubuta magani, a roƙe shi ya rubuta ainihin sunan sinadarin, saboda, alal misali, maganin maleriya artemether-lumefantrine na wani kamfani yakan fi Coartem sauƙin kuɗi alhali sinadarin ɗaya ne. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin kafin a biya.

Akwai kuma abin da kyauta ne a asibitin gwamnati, wato rigakafin yara, maganin tarin fuka da maganin cutar ƙanjamau, kuma abin takaici ne a ga iyali sun sayar da akuya don abin da ba na sayarwa ba.

Inshorar lafiya tun ana lafiya ake shigarta. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta ta a kan kowa, kuma jihohi suna da hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano. Wanda ba shi da hali ya tambayi ma'aikatan cibiyar unguwarsa ko tana cikin shirin BHCPF, asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa domin marasa ƙarfi, ya kuma tafi da lambar NIN ɗinsa idan zai yi rajista.