Yadda ake haɗa tawagar da za ta kai ƙarshen tseren kasada

Tseren kasada gasa ce da ta haɗa tafiyar ƙafa a daji, hawan keke a kan duwatsu, tuƙin kwalekwale da sauka daga tsauni da igiya, dare da rana, agogo bai tsayawa. Bafaranshe Gérard Fusil ne ya assasa salonta na zamani da gasar Raid Gauloises a Niu Zilan a 1989, sannan mai shirya shirye-shiryen talabijin Mark Burnett ya yayata ta da gasar Eco-Challenge, wadda aka fara a jihar Utah ta Amurka a 1995. Wadda aka yi a Fiji a 2019 ta kai kilomita 671. Irin wannan tafiya ƙarfin mutum ɗaya ba ya ƙare ta.

Da farko, ku zaɓi abokan tafiya da kyau. A manyan gasanni tawaga mutum huɗu ce, maza da mata, kuma galibi doka ta hana wani ya yi wa sauran nisa fiye da mita 100. In ɗaya ya janye, tawagar ta rasa matsayinta. Saboda haka saurinku shi ne saurin wanda ya fi gajiya a lokacin, kuma kowa sai tasa ta zo. Ni na fi son mai haƙuri da ke iya jin gyara cikin yunwa a kan gwanin gudu mai saurin fushi.

Na biyu, ku raba aiki tun kafin ranar: mai taswira, mai yanke shawara, mai tuna wa kowa ci da sha.

Na uku, ku ƙware a taswira da kamfas, domin an hana amfani da GPS, na'urar da ke nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, wajen neman hanya. Ku yi atisaye da dare da fitilar goshi. In mai taswira ya ɓatar da ku, kada a tsaya zarginsa. Ku koma wurin ƙarshe da kuka tabbatar da shi a taswirar, ku sake ɗaukar hanya daga nan.

Na huɗu shi ne mafi wuya: ku koyi faɗin "na gaji" da wuri. Mai girman kai yakan yi shiru har sai ya zube. Tawagogi masu gogewa suna ɗaura igiya mai talewa a bayan keken mai ƙarfi ta ja wanda ya raunana a hawa, ko a rarraba kayan jakarsa. Wanda aka ja yau, gobe shi ne zai ja wani.

Na biyar, ƙafa. Kwanaki cikin jiƙaƙƙen takalmi na sa fata ta yi fari ta yamutse, sai bororo. Da zarar wuri ya fara zafi, a tsaya a manna filasta, a shafa mai, a sauya safa.

Sai barci. Bayan dare biyu ba a runtsa ba, mutum kan ga itace ya ɗauka mutum ne, ko ya yi gyangyaɗi a kan keke. Ku yanke tun da wuri inda za ku kwanta, ko da na awa biyu ne, kuma ku saita ƙararrawa fiye da ɗaya. Ku fara gwada duk wannan a gasar 'yan awoyi, sannan ta awa 24, kafin ku tunkari ta kwanaki.