Yadda Mai Tara Motocin Rimot Zai Ja Linzamin Saye-Saye

Akwai bambanci mai yawa tsakanin motar rimot ta roba da ake saya wa yaro a kasuwa ta lalace kafin mako ya zagayo, da irin wadda manyan mutane a Japan da Amurka da Turai suke kashe wa kuɗi da lokaci. Ita wannan ta biyun tana da giya da boris da birki da sitiyari irin na babbar mota, kuma kowane ɓangare nata ana iya kwance shi a sayi wani a ɗaura. Mafi yawansu girmansu kashi 1 cikin 10 ne na motar gaske, wato tsawon kamu ɗaya ko kusa da haka, kuma kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera su sun haɗa da Tamiya da Kyosho na Japan, da Traxxas da Team Associated na Amurka. Kasancewar komai na jikin motar abin sayarwa ne shi ya sa sha'awar take da daɗi, kuma ta nan ne take zame wa wasu jaraba, har ka ga mutumin da ya fara da mota ɗaya ya wayi gari da talatin, rabinsu ko ledar kwalin bai yage ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin wannan hali na sayen da mutum ya kasa dainawa, domin Emil Kraepelin na Jamus ya bayyana shi tun 1915. Wani bincike da masana na Jami'ar Stanford suka wallafa a 2006, bayan sun tambayi manya sama da 2,500 a Amurka, ya nuna cewa kashi 5.8 cikin 100 suna fama da shi, kuma tazarar da ke tsakanin maza da mata ba ta taka kara ta karya ba. Namiji dai yakan laƙaba wa nasa sunan tara kaya, shi ya sa ba a cika ganewa da wuri ba.

Abu na farko da za ka yi shi ne ƙirga, kuma shi ne mafi ɗaci. Ka fito da komai tsakar ɗaki a rana ɗaya: na kan kanta, da na ƙarƙashin gado, da na gareji, da waɗanda ka ajiye a ofis saboda ba ka son a gan su a gida. Ka ɗauki littafi ka rubuta wa kowace mota abu uku, wato ranar da ka saye ta, da abin da ta ci gaba ɗaya, da ranar ƙarshe da tayarta ta taɓa ƙasa. Wajen rubuta kuɗin kada ka tsaya a farashin da ke jikin kwali, domin motar da ake sayarwa a warwatse don mai ita ya haɗa da hannunsa yawanci ba ta zuwa da rimot, ko batir, ko caja, ko ƙaramin injin da ke juya sitiyari, ko fenti. Ka haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan, wanda kuma yake oda daga Kano ko Yamai ya rubuta abin da ya fita daga asusunsa a naira ko sefa, tunda farashin dala yana da wata dabara ta sa abu ya yi kamar mai araha. Layi na uku, wato ranar tuƙi na ƙarshe, shi ne alƙali. Idan cikin motoci ashirin uku kaɗai ka tuƙa a shekarar da ta wuce, ka samu amsar da kake nema: abin da kake yi a zahiri shi ne saye, tuƙin ya zama hujja kawai.

Daga nan sai ka yanke wa kanka hukunci a kan ko kai wane ne a wannan harka. Akwai mai son tuƙi, akwai mai son zama da sukundireba yana kwance ƙananan ledojin noti masu alamar A da B da C yana bin littafin haɗi shafi bayan shafi, akwai kuma mai tara tsofaffin motoci saboda tarihinsu. Dukkansu sha'awa ce mai kyau, amma kowanne iyakarsa daban. Mai tuƙi mota biyu ko uku sun ishe shi, tunda hannu biyu gare shi kuma rimot ɗaya yake riƙewa. Mai haɗi dokarsa ita ce kada ya sayi sabon kwali alhali akwai wanda bai buɗe ba. Mai tarihi shi ya fi shiga haɗari, domin kamfanoni sun jera masa lambobi kamar matakala. Tamiya ta fara da Porsche 934 a 1976 mai lamba 58001, yanzu kuma jerin ya haura mota 700, kuma duk wanda ya saba da bin lamba zai riƙa jin giɓin da ke tsakanin biyu kamar wawulo a baki. Maganin wannan shi ne ka rubuta iyakar tarinka a jimla ɗaya tak, misali motocin rairayi na kamfani ɗaya daga 1984 zuwa 1988, sannan duk abin da ya faɗa waje da wannan jimla ka bar shi, komai kyansa da arharsa. Tarin da ba a iya bayyana shi a jimla ɗaya, a ganina, tsibi ne kawai.

Yana da kyau kuma ka fahimci irin ƙugiyar da ake jefa maka, don ka san lokacin da kake haɗiye ta. Da yawa daga masu wannan sha'awa manya ne da suka leƙa tagar shago suna yara suka ga motocin Tamiya irin su Hornet ko Grasshopper na 1984, ko Lunch Box na 1987, iyayensu kuma ba su da halin saya musu. Kamfanonin sun san da wannan tsohon miki, shi ya sa suka koma sake fito da tsofaffin motoci: Hornet ta dawo a 2004, Grasshopper a 2005, Sand Scorcher ta 1979 ta dawo a 2010, Avante ta 1988 a 2011, Team Associated ta sake fito da RC10 ta 1984 a 2013, Kyosho kuma ta dawo da Scorpion a 2014 da Optima a 2016. Ana sanar da sababbin kaya a bajekolin kayan wasa na Nuremberg a farkon shekara da na Shizuoka a watan Mayu, daga nan sai shaguna su buɗe odar kafin isowar kaya, a riƙa cewa adadin kaɗan ne. Amma wannan jerin shekarun da kansa ya isa ya kwantar maka da hankali, domin ya nuna cewa abin da aka ce ba za a sake gani ba yakan dawo, wani lokaci ma fiye da sau ɗaya. Saboda haka ka sa wa kanka wa'adin kwana 30. Duk motar da ta shiga ranka ka rubuta sunanta da kwanan wata a bayan littafin nan naka, ka rufe. Idan wata ya cika kana nan kana sonta, ta shiga cikin iyakar tarinka, kuɗinta kuma suna hannu, sai ka saya da kwanciyar rai. Za ka yi mamakin yawan sunayen da za ka karanta ka kasa tuna abin da ya ja ka gare su.

Gwanjon intanet, irin na eBay ko na Yahoo a Japan, ba ya jiran kwana 30, don haka dokarsa daban ce. Ka yanke mafi girman abin da za ka iya biya tun da rana, hankalinka kwance, ka shigar da shi sau ɗaya, ka kashe wayar. Wanda ya zauna ƙarfe biyu na dare yana kallon daƙiƙoƙi suna ƙarewa, yana ƙara dala biyar-biyar don kada wani da bai taɓa gani ba ya kayar da shi, ya riga ya bar maganar mota ya koma kokawa.

Sai toshe ƙofofin da jarabar take shigowa, wanda aiki ne na minti talatin. Ka goge lambar katinka daga duk shagon da ya adana ta, ta yadda kowane saye sai ka tashi ka ɗauko katin. Ka kashe sanarwar da ke gaya maka an saka irin abin da ka taɓa nema, ka cire kanka daga wasiƙun rangwame, ka kuma rage kallon bidiyoyin buɗe kwali, tunda da yawa daga masu yin su kyauta ake aiko musu da kayan. Ka ware asusu na daban da za ka riƙa zuba adadi ƙayyadadde a kowane wata, in ya ƙare ya ƙare. Tsarin nan na ɗauki yanzu ka biya kashi-kashi kuwa, ka haramta wa kanka shi a kan kayan wasa baki ɗaya.

Inda kuɗi suka fi zurarewa ba tare da an ankara ba shi ne kayan ƙari, domin kowanne ƙaramin kuɗi ne. Wasu suna da amfani na gaskiya. Sauya zobban roba da ke cikin tayoyi da giya da boris na ƙarfe yana rage gogayya ya ƙara wa batir daɗewa, haka nan taya mai dacewa da irin ƙasar da kake tuƙi a kai ta fi kowane ado tasiri. Amma shuɗin alminiyon nan mai ɗaukar ido, wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa, galibinsa kwalliya ce, wani lokaci ma garin neman ƙiba a samo rama. Hannun taya na roba, wato sandar da ke haɗa taya da jikin mota, yana lanƙwasawa ya dawo, ko ya karye a sauya shi da kuɗi kaɗan, shi kuwa na alminiyo in ya lanƙwashe ya tafi ke nan, ko kuma ya miƙa ƙarfin karon zuwa akwatin giya wanda ya fi shi tsada. Mutane da yawa sun ɗauki mota mai sauƙin kuɗi irin TT-02 ta Tamiya sun yi ta ɗora mata kaya har abin da ta ci ya wuce kuɗin motar tsere ta gaske, ba ta kuma kamo ta a gudu ba. Dokar da ta fi aiki a nan ita ce kada ka sauya wani ɓangare sai ya karye, ko kuma ka iya faɗin takamaiman matsalar tuƙin da kake son ya gyara.

Ka tuna kuma cewa motar da aka ajiye ba ta zama yadda aka bar ta. Masu harkar suna kiran wadda ba a tuƙawa sarauniyar kanta, amma sarauta ce mai cin jiki: robar taya takan bushe ta tsattsage ko ta baje a gefen da ta zauna a kai, man da ke cikin abin rage girgiza yakan yoyo, injin mai amfani da man naitiro yakan yi tsatsa saboda man yana jan danshi. Batirin LiPo, wato irin batirin caji da ake sa wa waɗannan motoci, ya fi su duka buƙatar kulawa, domin idan za a ajiye shi dole a bar kowane ɗaki nasa, wato kowane sashe na cikin batirin, a kan kusan bolt 3.8, in kuwa aka bar shi cike a kan 4.2 na tsawon watanni sai ya kumbura kamar burodi, kuma batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. A ƙasa mai zafi duk wannan lalacewa ta fi sauri. Ka lissafa awa nawa kake da su a wata don duba motoci da batira, wannan lissafin ya zama shi ne rufin adadin da za ka mallaka.

Abin da ya haura rufin sai a sayar, kuma a nan za ka ji zuciya tana raɗa maka cewa ai jari ne. Gaskiya ne akwai tsofaffin motoci na asali da ke cikin kwalinsu waɗanda suka yi tsada, amma ƙalilan ne, kuma da zarar kamfani ya sake fito da irinsu masu neman ta tuƙi sukan koma ga sabuwar. Motar da aka riga aka tuƙa kuwa da wuya ta dawo da abin da ta ci, musamman in aka cire ladan dandalin sayarwa da kuɗin aikawa, kayan ƙarin da ka ɗora mata kuma kusan kyauta suke bin ta. Ka fara da waɗanda suka fi shekara biyu ba a taɓa ba, ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin da suka shigo su tafi biyan bashi ko asusun gida, kada su koma asusun motoci, in ba haka ba an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago, tunda sayarwa don a saya ita ma tana ba da irin zumuɗin da ake gudu.

Daga ƙarshe ka nuna wa mutum ɗaya littafin nan, uwargida ko ɗan'uwa ko amini, da jimlar kuɗin yadda take ba tare da ragi ba, ka kuma yarda ya riƙa ganin bayanin asusun a ƙarshen kowane wata. Idan ka lura kana rage farashi in an tambaye ka, ko kana cin bashi don saye, ko kuɗin haya da na makarantar yara sun fara taɓuwa, ko daɗin yana gushewa da zarar mai kawo saƙo ya juya baya ya bar ka da nadama, ko ka sha alwashin dainawa sau da yawa ka karya, to lamarin ya wuce littafi da wa'adin kwana 30, sai ganin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya. Jinyar da ake yi ta hanyar tattaunawa don gyara tunani da ɗabi'a, musamman a rukuni, ta taimaki masu wannan matsala, kuma sau da yawa akan tarar da ciwon damuwa ko fargaba a ƙarƙashinta. Ka gaya wa likitan duk magungunan da kake sha, domin wasu magungunan cutar Parkinson irin su pramipexole da ropinirole an san suna haddasa saye-saye ko caca ba ƙaƙƙautawa ga wasu marasa lafiya. Mai shan irinsu kada ya daina da kansa, likitan ne zai rage adadin a hankali ko ya sauya masa wani.