Yadda na gyara matsalar kuɗin shiga wajen ɗauko Hajiyarmu zuwa Amurka

An amince da fom I-130 na mahaifiyata, wato takardar neman a kawo ɗan uwa Amurka, lafiya lau, sai a I-864 abu ya tsaya, wato takardar da zaka sa hannu cewa ka ɗauki nauyinta. Dole kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin Amurka gwargwadon yawan mutanen gidanka har da ita, ni kuwa da mata da yara albashina bai kai ba, wallahi raina ya ɓaci sosai.

Mafita ita ce wanda zai tsaya maka, ba lallai ɗan uwa ba, in dai ɗan ƙasa ne ko mai girin kad (izinin zama na dindindin), ya kai shekara 18, yana zaune a Amurka kuma nasa kuɗin ya kai shi kaɗai. Abokina ya cika nasa I-864 ɗin daban ya haɗa da takardun harajinsa. Amma na faɗa masa gaskiya tun farko, alkawari ne da doka zata iya binsa a kai.