Hotunan kayan tarihi: kurakuran da aka fi yi wajen ajiye su a rumbun bayanai

Wata rana wasu masu tattara tsofaffin kayan gargajiya a nan Maradi suka kira ni in duba musu aikinsu. Sun yi ƙoƙari ƙwarai. Takubba, lifidi, tambura, zabira ta jan fatar akuyar Maradi, ba abin da suka bari bai shiga hoto ba. Muka buɗe kwamfuta, ga hotuna nan rututu, kowanne sunansa IMG da lamba huɗu. Na nuna hoton wani takobi na ce wa dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin: "Baba, wanne ne wannan cikin na rataye?" Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce: "Wallahi, ɗana, yaron da ya ɗauka shi ya sani, kuma ya tafi karatu Yamai." Takubban nan shida ne, kubensu duk iri ɗaya.

Wannan shi ne babban kuskure, sauran duk ƴaƴansa ne. Hoton da ba ya ɗauke da lambar kayan tamkar akuya ce ba turke. Sunan da kamara ke bayarwa ba ya faɗin komai, kuma idan ƙirgarta ta kai 9999 sai ta koma 0001. Ka haɗa hotunan kamara biyu a dosiye ɗaya, sai kwamfuta ta tambaya ko ta maye gurbin mai suna iri ɗaya, mutum cikin gaggawa ya amsa mata, tsohon hoto ya tafi ke nan.

Gyaran ba ya cin ko dala. Kowane abu a ba shi lambarsa tun kafin a ɗauke shi hoto. Tsarin da gidajen tarihi da yawa ke bi kashi uku ne: shekarar da abin ya shigo, rukunin da ya zo ciki, sai matsayinsa a rukunin. Takobi na biyu cikin kyauta ta huɗu ta shekarar 2019 zai zama 2019.4.2. Hotunansa su ci sunan 2019-4-2_01, 2019-4-2_02, haka har ƙarshe. Kada a sa "takobin sarki mai kyau" a sunan fayil. Bayani wurinsa cikin rumbun bayanai. A kuma guji tazara da haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ a sunan, domin wasu manhajoji na rikita su idan an kwashe fayil daga wata na'ura zuwa wata. Ni da kaina ina son haruffanmu, amma ba nan ne wurinsu ba.

Sannan a rubuta lambar a ƴar takarda a ajiye gefen kayan, ta fito cikin hoton farko. Ko wani ya sake sunan fayil daga baya, shaida na nan a jikin hoton.

Tun da mun zo kan ɗauka: sau da yawa ana shimfiɗa kaya kan tabarma mai zane ko darduma, a ɗauka da rana tsaka, hoto ɗaya tak. A samu ƙyalle mai launin toka marar ado, a yi aikin a inuwa mai haske, a sa ƴar rula kusa da kayan don a san girmansa. Gaba, baya, ƙasa, sai kuma duk wani rubutu, tsagewa ko faci. Tabon nan da mai hoto ke son ɓoyewa shi ne ke bambanta ƙwaryarka da ta wani. Ƙa'idar bayyana kayan tarihi da ake kira Object ID, wadda aka fitar a 1997, kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya ICOM ke kula da ita yanzu, hoto ta sa a gaba, tare da awo da alamomin da suka keɓanta da abin, saboda da su ne ƴan sanda da kwastan ke gane kayan sata. Mu a Nijar ba labari ba ne a wurinmu: gumakan yumɓu na Bura, wani tsohon wuri a yammacin ƙasar, an yi ta haƙe su ana fitarwa waje har ICOM ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne tura hotuna ta WhatsApp. Manhajar na matse hoto ta rage girmansa, ta kuma goge bayanan da kamara ta rubuta a cikinsa, irin su ranar ɗauka. A fuskar waya sai ka gan shi tas, amma ka faɗaɗa don karanta ajamin da ke jikin allo, sai dishi-dishi. A kwashe daga waya ta kebul ko daga katin kamara kai tsaye. In dole sai an tura, a tura shi a matsayin takarda (document), ba hoto ba. Haka JPEG, wato irin fayil ɗin hoto da waya da kamara suka fi fitarwa: duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa, yana zubar da wani abu daga ingancinsa. Shi ya sa ake ware uwar hoto, TIFF (irin fayil ɗin da ba ya zubar da inganci) in da hali, ko kuwa JPEG ɗin farko yadda ya fito, a kulle ta kada kowa ya taɓa. Yanka da ƙarin haske a kan kwafi ake yi. A sani dai TIFF na da nauyi: hoton kamara mai megafiksel 24 na kai megabayit 70 da ɗoriya.

Nauyin nan ne ke kawo matsala ta gaba. Wasu kan manna hotunan cikin manhajojin ajiye bayanai irin su Excel ko Access. Fayil ɗin Access iyakarsa gigabayit 2, hotuna kaɗan sun cika shi. Abin da ya dace, rumbun ya riƙe ƙaramin kwafi da adireshin inda uwar take. Sai dai adireshi na da sharaɗi: ranar da wani mai son tsabta ya sake wa dosiye suna ko ya matsar da shi, duk hotunan sun ɓace daga rumbun alhali suna nan cikin kwamfuta. A tsara dosiyoyi sau ɗaya, shekara-shekara bisa lambar kaya, a damƙa wa mutum ɗaya ikon taɓa su.

Ajiya kuwa, wanda ya san zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi a garin nan, ba zai dogara da kwamfuta ɗaya ba. Ƴar kile (USB) da ake rataya a makulli ta jigila ce, ba ta ajiya ba. Kwafi uku ake so, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini dabam ko a intanet. Lokaci-lokaci a jona faifan ajiyar a buɗe hotuna a gani, don faifai na mutuwa shiru cikin kwaba.

Akwai gurbi ɗaya da kusan kowa ke bari fanko a rumbun: wa ya ɗauki hoton, kuma mai kayan ya yarda a nuna wa duniya? Kayan fada, layu da kayan bori ba duka ake bazawa a Facebook ba. A tambayi gidan da suka bayar tun ranar karɓa, a rubuta amsarsu kusa da lambar, da sunan mai hoto da ranar ɗauka.