Kurakuran Tunani da Aka Fi Yi a Kan Juyin Halitta

Kuskuren da ya fi yawo a bakin mutane game da juyin halitta, wato yadda siffofin halittu ke sauyawa daga zuri'a zuwa zuri'a, shi ne cewa sauro ko ƙwayar cuta ta "saba da magani". Sauro guda ba ya koyon jure magani. A cikin dubban sauro, wasu ƙalilan sun zo da wani bambanci a ƙwayoyin gadonsu tun kafin a yi feshi. Maganin ya kashe saura, su suka tsira, suka hayayyafa, har zuri'arsu ta cika gari. Haka ya faru da kulorokwin, wanda ya daina aiki a kan zazzaɓin cizon sauro saboda ƙwayoyin cutar masu jure shi sun yawaita, har Nijeriya ta koma magungunan ACT, wato haɗin magunguna masu ɗauke da sinadarin artemisinin, a 2005.

Ta yaya aka san bambancin ya riga maganin zuwa? A 1952 masana kimiyya Joshua da Esther Lederberg suka shuka bakteriya a faranti marar magani, suka danna ƙyallen karan-miski a kai, suka buga shi a kan wasu farantai masu maganin streptomycin, mai kashe bakteriya. A kowane faranti, waɗanda suka tsira a gurbi ɗaya suka ɓullo. Da maganin ne ke haifar da juriyar, da sun fito a warwatse, kowane faranti da nasa wurin. Gyaran kuskuren shi ne a riƙa tambaya: halitta guda ce ta canza, ko yawan masu wata siffa ne ya ƙaru a cikin taro?

Na biyu, ɗauka cewa mai ƙarfi ne ke tsira. Wanda ya dace da muhallinsa ne ke barin zuri'a, kuma misalin yana cikin gidajenmu. A 1954 masanin kimiyya Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu jini AS sun fi samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa ƙwayar sikila ta yawaita inda sauro ya yi katutu. A ƙasar da babu zazzaɓin, wannan riba ta ɓace. A nan ma akwai wani kuskuren lissafi mai ban tausayi: idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta kare 'ya'ya uku masu zuwa ba, domin kowane ciki lissafinsa daban.

Sai masu cewa abin da ya faru shekaru miliyoyi da suka wuce ba ya gwaduwa, tunda babu wanda ya gani. Ana gwada shi ta hanyar hasashen da zai iya ƙaryata mai yin sa. Masana burbushin tsoffin halittu Neil Shubin da Ted Daeschler sun lissafa cewa halittar da ke tsakanin kifi da dabbobi masu ƙafa huɗu ya kamata a same ta a duwatsun tsoffin koguna masu kimanin shekaru miliyan 375. Suka nufi tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, suka yi shekaru suna haƙa, a 2004 suka tono burbushin wata halitta da aka raɗa wa suna Tiktaalik: yana da ɓawon kifi, amma da wuya da ƙasusuwa irin na wuyan hannu a cikin fikafikansa. Duk bayanin da aka kawo maka, nemi mai shi ya faɗi sakamakon da zai sa ya janye maganarsa. In ya ce babu, bayanin bai shiga sahun kimiyya ba tukuna.