Babi na Shida: Motsa Jiki Don Rage Ƙiba Ga Mai Ciwon Asma

Darasi na 1: Maganin shaƙa kafin a fita

Iyayena da yayyena, mai asma yana iya motsa jiki har ƙiba ta ragu. Amma in likita ya ce a riƙa shaƙa, kada a sa takalmi sai an shaƙi magani. Shuɗin maganin shaƙar nan da ake fesawa a baki ake nufi, sunansa salbutamol, a wasu kwalayen za ku ga an rubuta Ventolin. Shi ke buɗe hanyar iska. Idan likita ya amince, a shaƙa sau 2, minti 15 kafin a fita.

Ga yadda ake yi. A cire murfin. A girgiza shi sosai. A fitar da numfashi duka. A sa bakinsa tsakanin haƙora, leɓɓa su rufe shi ruf. A fara jan numfashi a hankali, ana cikin ja a danna sau ɗaya, a ci gaba da ja. A riƙe numfashin, a ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci. Bayan minti ɗaya a sake girgizawa, a yi na biyu.

A nan ake tuntuɓe. Ana cikin ja ake dannawa. Wanda ya danna tukuna sannan ya ja, maganin a kan harshe da maƙogwaro yake tsayawa, huhu kaɗan yake samu. In kuka ga farin hayaƙi na fita ta gefen baki, wannan ya tafi a banza. Ba komai, hannu ne bai saba ba, a gwada a gaban madubi. Ja, danna, ci gaba da ja. Amma don Allah wannan ba turare ba ne da za a fesa fis-fis a mayar aljihu! Da kuɗi aka saye shi. A sake karantawa da ƙarfi: ana cikin ja ake dannawa.

Darasi na 2: Tafiyar ƙafa

A fara da tafiya a hankali, kamar mai zuwa masallaci kafin a kira salla. Farawa da gudu shi ke tayar da tari da shaƙewa. Makon farko minti 10 ya isa. Kowane mako a ƙara minti 5 har a kai minti 30, kwana 5 a mako. In ana iya hira ana tafiya, saurin ya yi daidai.

A nemi layin da babu hayaƙin adaidaita sahu, ko fili kamar Filin Sukuwa. Hawan Dutsen Dala a bar shi sai jiki ya saba. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na da sanyi da bushewa da ƙura. A jira hantsi, a rufe hanci da baki da mayafi ko rawani, a shaƙi iska ta hanci. Ranar da hazo ya yi yawa, a zazzagaya cikin ɗaki.

Shuɗin ya kasance a aljihu kullum. In ƙirji ya matse, a tsaya, a zauna tare da miƙe baya, a shaƙa. Ana cikin ja ake dannawa. In bai lafa ba, ko magana ta gagara, sai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Darasi na 3: Abinci

A bar lemon kwalba, a rage sukarin shayi. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya. Rabin kilo a mako ya wadatar.

Darasi na 4: Ɗorewa

Duk ranar da aka fita, a ja layi a kalanda.